Yadda zaka canza resor na bibrato a gitar lantarki ba tare da akor ya watse maka ba

Duk mai gita irin ta Stratocaster mai bibrato, wato sandar nan da ake dannawa sauti ya yi rawa, ko Fender ce ta asali ko Squier ko Yamaha Pacifica ko ma waɗannan na Sin marasa suna da suka cika Yamai, in ka kifa ta zaka ga wani murfin roba a baya mai bis shida. Ƙarƙashin murfin nan resor suke, kuma su ne ke riƙe da jakin gita, wato shabale, ƙarfen da gindin tsirkiyoyi ke zaune a kai, don kada tsirkiyoyi su tuntsuro da shi gaba. Cire tsohon resor a sa sabo ba wani aiki bane, minti goma ya isa. Inda ake shan wuya bayan an sa ne, wajen daidaita jan resor da jan tsirkiya, nan zaka ga mutum ya yi ta akorde gita, wato daidaita sautin tsirkiyoyi, ta ƙi zama har ya fara cewa ko an sa mata hannu ne. Babu wanda ya sa mata hannu ɗan uwa, lissafi ne bai zo daidai ba.

Tsarin nan tun 1954 Leo Fender ya fito da shi kuma har yau bai canza sosai ba. Jaki yana zaune a saman gita, a ƙasanshi akwai wani bulok na ƙarfe da ya ratsa katako ya leƙo ta baya, bulok ɗin yana da ƙananan ramu biyar. Can gefen wuya kuma akwai wani ƙarfe mai ƙugiya biyar da ake kira girif, dogayen bis biyu ne suka kafe shi cikin katako. Resor kai ɗaya zobe ne yana shiga ƙugiyar girif, ɗaya kan lanƙwasasshen tsinke ne yana shiga ramin bulok. Tsirkiyoyi suna ja ta sama, resor suna ja ta ƙasa, kamar sikelin mai nama ne, ka ƙara kaɗan a wannan gefe ɗayan ya ɗaga. Kuma jan ba na wasa bane, tsirkiya mai lamba 9-42, lambar kaurinta kenan, in an yi akorde dinta tana ja da kusan kilo 38, mai lamba 10-46 kuwa ta haura kilo 45. Shi yasa mutum zai canza lambar tsirkiya kawai sai ya ga bayan jaki ya tashi sama, alhali resor ɗinshi lafiya lau suke.

Kafin ka kashe kuɗɗinka

Ni a ganina yawancin gitar da ake cewa resor ɗinta ya mutu, ba shi bane. In akor yana sauka bayan ka taɓa sandar bibrato, fara duba siye, ɗan farin abin nan na bakin wuya inda tsirkiyoyi ke ratsawa, in kana jin wani "kit" lokacin da kake murɗa kunne, wato abin ɗaure tsirkiya na kan gita, to tsirkiya ce ke maƙalewa a ciki, ka goga mishi bakin fensir a cikin tsagar ya wadatar. Sabuwar tsirkiya da ba a ja ta ta miƙe ba ita ma haka take yi. Sannan ga hunturu, iskar nan tana busar da katako wuyan gita ya ɗan motsa, damina ta shigo ya sake motsawa, wannan duk babu ruwan resor.

Alamar resor ya gaji daban ce. Tsatsa ta cinye shi, wanda a garin nan ba abin mamaki bane tunda bayan gita a jikin cikinka yake manne kana ta zufa a watan Afrilu da Mayu, in babu murfi kuwa gishirin zufa kai tsaye yake shiga. Ko ka ɗaure bis na girif har girif ya kusa mannewa da katako amma jaki bai sauko ba. Ko kuma ka cire shi ka ɗaga wajen haske ka ga rata tsakanin zobbanshi, lafiyayyen resor in ba a ja shi ba a matse yake gam haske baya ratsa shi. Sai dalili na ƙarshe wanda ba lalacewa bane, kana son sanda ta yi laushi ko ta yi tauri, ko ka koma tsirkiya mai kauri kana buƙatar ƙari.

Maganar samun sabo, ka sayi na gita. Wani yaro ya taɓa kawo mini tashi yana cewa yaya duba mini ta ƙi zama, ina buɗe baya sai ga jar ƙura ta yi kauri kamar an zuba, resor biyu na asali sai na tsakiya wani baƙi gajere mai kauri wanda ya ce wajen mai gyaran moto ya samo, an lanƙwasa bakinshi da pens an cusa a bulok har ya buɗa ramin. Irin wannan tsawo bai zo ɗaya ba ƙarfi bai zo ɗaya ba, jaki ba zai taɓa komawa inda ya taso ba. In baka samu a shago ba ka yi sautu wajen mai zuwa Kano ko Kwatano, ko ka nemi matacciyar gita wajen abokai ka cire nata in ba su yi tsatsa ba. Kuma ka canza su duka lokaci ɗaya daga fakiti ɗaya, haɗa tsoho da sabo ba haramun bane amma ni bana yi.

Kayan aiki ba su da yawa, duk zaka samu a Katako in baka da su: turnabis mai bakin kuros babba da ƙarami, pens mai tsinin baki, lakile alen mai milimita 3 wanda awo zamu yi da shi, ɗan guntun katako ko tsofaffin katin karta da zaka tara su yi kauri, tawul ko matashi, sai akordar, abin duba akor, ko na cikin salula ne. Babban turnabis ɗin ya zama ya cika kan bis daidai, in ya yi ƙanƙanta zai cinye kan kuma daga nan aiki ya zama biyu.

Cirewa da sawa

Zare jek daga ampili, kwance sandar bibrato ka ajiye. Kafin ka taɓa komi ɗauki hoton jaki ta gefe da salula yadda ratar da ke tsakanin bayanshi da jikin gita zata fito, in ka buɗe murfi ka ƙara ɗaukar hoton ciki. Shimfiɗa tawul, kifa gita a kai, ka sa wani abu mai laushi ƙarƙashin wuya don kada nauyi ya hau kan kunnuwa. Bis shidan murfi ƙanana ne kuma ɓata gare su, zuba su a kofin shayi.

Yanzu duba girif da kyau, zaka ga wata siririyar waya an yi mata sudir a jiki. Wayar mas ce, ita ke haɗa tsirkiyoyi da ƙasan lantarkin gita. Kada pens ya ja ta, kada turnabis ya bi ta kanta, zamu dawo kanta a gaba.

Sassauta tsirkiyoyi duka shida har su yi laƙwas, ba sai ka cire su ba. Wasu suna canza resor tsirkiya na ɗaure, ana yi, amma in hannunka bai saba ba kada ka fara, da ka zare resor jaki zai tashi da ƙarfi ya iya ɓantare fenti. Bayan ka sassauta sai ka kwance bis biyun girif kamar zagaye uku ko huɗu kowane, kada ka fitar da su gaba ɗaya, so ake resor su saki jiki kawai.

To ɗaya bayan ɗaya zaka yi. Wannan ya fi muhimmanci ga mai jakin da ke tsaye kan ƙafa biyu, irin na sabbin Fender da na Floyd Rose da Ibanez, domin su ba a kafe suke ba, resor da tsirkiya ne kawai ke riƙe da su, ka cire resor duka gita tana kife jaki zai iya zamewa ya faɗo kuma bakin da yake juyawa a kai kaifi gare shi, in ya dakushe akor ya tafi kenan. Mai bis shida a gaban jaki shi ba zai faɗo ba amma duk da haka ɗaya bayan ɗaya ya fi sauƙi. Wasu Ibanez suna da wani ɗan ƙarfe a kan bulok da ke danne bakin resor, sai ka fara kwance shi.

Kama resor da pens daf da bulok, ja shi kaɗan wajen bulok ɗin don ya saki sannan ka ɗaga sama, tsinken zai fito daga rami, sai ka zare zoben daga ƙugiya. Kawar da fuskarka gefe kuma ɗora yatsa a kanshi, resor in ya kuɓuce baya sallama, kuma kori yara daga wajen. Tunda wuri ya buɗe share ƙura da tsohon buroshin haƙori. Sa sabo kuma hanya biyu ce, ko ka rataya zoben a ƙugiya ka jawo tsinken da pens ka jefa a rami, ko ka fara sa tsinken a rami sannan ka zura ƙaramin turnabis cikin zoben, ka kafa bakin turnabis a kan ƙugiya ka ɗaga, zoben zai sulale ya faɗa da kanshi. Ta biyun ta fi mini daɗi don pens yana yawan zamewa ya karci katako. Ko wace ka bi, danna tsinken da gindin turnabis har ya shige duka, in rabi ya shiga wata rana kana tsakiyar wasa zai yi tsalle.

Nawa zaka sa, kuma yaya zaka jera su

Ramu biyar ne amma yawancin gita da uku take zuwa. Ga 9-42 da 10-46 uku sun isa, daga lamba 11 zuwa sama sai huɗu ko biyar. Abin da mutane da yawa ba su gane ba shine in jaki yana shawagi, wato bayanshi bai zauna a jikin gita ba, ko biyu ka sa ko biyar jimillar jansu ɗaya ce, dole ta yi daidai da jan tsirkiya. Bambancin a hannu yake. Resor kaɗan da aka miƙe sosai suna sa sanda ta yi laushi amma jaki ya zama mai saurin motsi, ka ja tsirkiya ɗaya da yatsa sauran su sauka. Resor da yawa da ba a miƙe sosai ba suna sa sanda ta yi tauri jaki kuma ya fi natsuwa.

Jerin uku iri biyu ne. Akwai miƙaƙƙe, rami na 1 da 3 da 5 zuwa ƙugiya ta 1 da 3 da 5. Akwai mai kan kibiya, ramukan nan dai amma na gefe biyun sai su karkato zuwa ƙugiya ta 2 da ta 4, wanda ke sa su ɗan fi na tsakiya miƙewa. Ana ta gardama a kan wanne ya fi, wallahi ni ban ga abin gardama ba, sa miƙaƙƙe ka wuce, abin lura kawai gefen dama ya zama daidai da na hagu.

Daidaitawa, nan aikin yake

Da farko ka yanke shawara, jaki mai shawagi kake so ko wanda ya zauna daram a jikin gita. Mai shawagi yana baka damar danna sanda ƙasa ka kuma ja ta sama, amma tsirkiya ɗaya ta tsinke gita duka ta fita akor nan take, domin jan tsirkiya ya ragu resor sun rinjaya. Ka yi tunanin wannan a wajen biki, dare ya yi, gurup na ruri, mata sun shigo fili ana liƙi, tsirkiyar Mi siririya ta tsinke sauran biyar duk suka haura. Haka kuma masu kiɗan gitar Abzinawa da yawa suna ɗaga Mi mai kauri zuwa Sol, to a jaki mai shawagi kana ɗaga ta sauran zasu sauka, ka dawo da ita su hau. Shi yasa in kai mai wasan biki ne, ko mai canza akor daga waƙa zuwa waƙa, ko sandarka ma ta ɓata tuntuni kamar ta yawancinmu, shawarata ka zaunar da jaki.

Zaunar da shi mai sauƙi ne. Ɗaura bis biyun girif daidai wa daida, yi akorde, ka duba ko bayan jaki ya kwanta a jikin gita. In bai kwanta ba ƙara rabin zagaye a kowane bis ka sake akorde. In ya kwanta sai gwaji, kaɗa Mi mai kauri a buɗe, tana cikin ƙara ka ja Sol da yatsa sosai a wajen kaz na 12, wato gida na 12 a wuyan gita, ka kasa kunne ko ka kalli akordar. In Mi ta sauka jaki yana ɗagawa kenan, ƙara kwatan zagaye. Ka yi ta yi har Mi ta daina motsi, daga nan ka tsaya, ɗaurewa fiye da haka sai dai ta sa sanda ta yi tauri a banza ta kuma wahalar da katakon da bis ke ciki. Anan resor huɗu ko biyar sun fi dacewa. Wanda baya son bibrato sam sai ya ƙara da cusa katako tsakanin bulok da bangon ramin ya toshe shi gaba ɗaya, ba abin kunya bane, shahararren makaɗin gita Eric Clapton haka yake yi wa tashi. Sai dai Floyd Rose da irin na Ibanez da aka fafe katako a ƙarƙashinsu ba su da inda zasu zauna, su sai toshewa da katako ko shawagi.

In shawagi kake so, Fender sun ce ratar bayan jaki da jikin gita ta zama kamar milimita 3.2, nan lakile alen mai 3 zai yi maka amfani, ya shiga ratar yana ɗan taɓa sama da ƙasa. Floyd Rose kuwa ba rata ake aunawa ba, farantin jakin ya miƙe daidai da fuskar gita, kada ya kalli gaba kada ya kalli baya.

Hanyar da kowa ke bi ita ce akorde, duba, murɗa bis, akorde, duba, kuma tana aiki amma tana cin rai saboda kana ɗaga tsirkiya ɗaya sauran na sauka. Ga wadda ta fi gajarta. Ɗauko guntun katakon nan ko katin karta, ka cusa tsakanin bulok da bangon ramin ta gefen gindin gita, wato gefen da babu resor, ka ƙara ko ka rage kauri har jaki ya tsaya daidai inda kake so. Bar bis na girif a sassauce yadda tsirkiya zata fi ƙarfi ta matse katakon. Yanzu jaki baya motsi, yi akorde cikin kwanciyar hankali, ja kowace tsirkiya da yatsa ta miƙe, sake akorde har ta zauna. Daga nan kada ka ƙara taɓa kunnuwa. Ɗaga gita yadda ramin zai kalli ƙasa ko ka riƙe ta kamar zaka kaɗa, fara ɗaura bis biyun kwata kwata, wannan kwata wancan kwata, kana taɓa katakon da yatsa. Zai kai lokacin da zaka ji ya saki yana rawa ko ya faɗo da kanshi, to a daidai wurin nan jan resor ya yi daidai da jan tsirkiya. Duba akordar, in tsirkiyoyi duka sun ɗan haura ka wuce gona da iri, kwance kaɗan, in duka sun ɗan sauka ƙara kaɗan, da bis zaka gyara ba da kunne ba. Awo na ƙarshe kuma ka yi shi gita na kan cinya yadda kake kaɗa ta, a kwance nauyin wuya da na jaki suna canza lissafi.

Ga mai bis shida a gaban jaki akwai wani abu da ake mantawa, in an ɗaure su tam jaki baya juyawa da kyau. Lokacin da tsirkiya ke sassauce ka kwantar da jaki, ka ɗaga na tsakiya huɗu kamar milimita ɗaya da rabi sama da faranti, na gefe biyu kuma ka saukar da su su taɓa faranti kawai ba tare da sun danne shi ba. Ɗigon man keken ɗinki a wurin ya isa, kada ka cika, mai da ƙurar Yamai in suka haɗu kwaɓa suke yi.

Bayan ka gama

Tunda jaki ya ɗan canza tsayi, tsayin tsirkiya daga wuya zai iya canzawa, kaɗa ko'ina ka ji ko akwai inda take zizza. Gwada kuma kaz na 12, kaɗa tsirkiya a buɗe sannan ka danna 12, akordar ya nuna abu ɗaya, in na 12 ya haura sai ka ja ɗan sirdin da tsirkiyar ke zaune a kai a jikin jaki ya koma baya, in ya gaza ka turo shi gaba.

Sa jek a ampili ka saurara. In akwai gunji kuma ka ɗora hannu a tsirkiya bai ragu ba, wayar mas ta ɓalle. Kai wa mai gyaran rediyo ya yi mata sudir, ka ce mishi ya kankare wurin tukuna kuma ya yi da ƙarfe mai zafi sosai, girif yana shanye zafi kuma ƙaramin ƙarfe sai dai ya ɗora dalma a sama ta ɓalle gobe. In kuma wani amo kake ji kamar ƙararrawa daga baya bayan ka tsayar da tsirkiya, sabbin resor ne ke amsawa, yanki siririn soso ka zura cikin kowane ɗaya ko ka shimfiɗa a ƙarƙashinsu yadda ba zai hana su motsi ba.

Matsalar da ta fi yawa a tsofaffin gita ita ce bis na girif ya yi ta juyawa baya kamawa don ramin ya cinye. Kada ka nemo wanda ya fi tsawo, can gaba ramin mikro ne, abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya, kana iya ɓullawa. Cire resor, fitar da bis, cusa tsinken sakace ko sandar ashana biyu zuwa uku da kol na kafinta, karya abin da ya leƙo, bar shi ya kwana. Washegari goga sabulu ko kyandir a jikin bis ɗin ka mayar a hankali yana bin karkatar da yake da ita tun farko.

Sai murfi. Da yawa suna yar da shi wai don sauƙin canza tsirkiya, a garin da ƙura ke shiga har cikin akwati ni ban ga dabara a nan ba, mayar da shi, ka lura tsagarshi ta zo daidai da ramukan tsirkiya na bulok don yana shiga a juye. Amma bari sai bayan kwana biyu ko uku kana kaɗawa, sabon resor da sabuwar tsirkiya suna ɗan sakin jiki kuma sau da yawa zaka buƙaci ƙarin kwata ɗaya a kowane bis kafin ka rufe.